Yadda Taswira Ta Kai Ni da Surukata Gonar Dawa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kai ni inda zan riƙa neman tabarau alhali yana kan hancina, da ranar da na ja surukata har tsakiyar gonar dawar mutane. Ina gaba tana baya, buta a hannuna, wai ni ce mai karanta taswira.

Lokacin aurena bai rufa shekara ba. Muna zaune a Tudun Wada cikin Gusau, ita kuwa Inna, mahaifiyar maigidana, tana Tsafe, sai jefi-jefi take zuwa ta yi mana kwana biyu. Kada in ɗauki alhakinta, Inna ba mafaɗaciya ba ce. Da ma faɗan take yi, da na san inda zan kama. Shiru gare ta. In na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice tana jan carbi. In na kawo abinci, ta ce an gode, ta ɗan taɓa ta rufe. Ban taɓa jin ta ce miya ta yi daɗi ba, ban kuma taɓa jin ta ce gishiri ya zarce ba. Sai daga baya ƙanwar maigidana, Balaraba (wadda magana ba ta kwana a cikinta), ta tsegunta mini cewa tun ana batun auren Inna ta ce ai 'yar boko ce, malamar makaranta, Allah dai ya sa ta san wani abu bayan alli da allo. Maganar nan ta tsaya mini a rai ƙwarai. Na ƙudurce sai na nuna wa Inna cewa bokon nan nawa yana da rana.

Akwai wani abu game da gidanmu da sai kun san shi labarin zai zauna. Maigidana ɗan fari ne, Inna kuwa irin matan da ne masu alkunya har ta yi yawa. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba. Har laƙabin da abokansa ke kiransa da shi ba ta faɗa, don daga jikin sunan aka gutsuro shi. In yana kusa ta ce "kai", in ba ya nan ta ce "wanga yaro". Ni ma a gabanta ba ni da bakin kama sunansa, Malam nake cewa. Amma in mun rufe ƙofa akwai sunan da na raɗa masa. Bayan biki da 'yan watanni bawan Allah ya murje, kumatu suka fito, wuya ya ɓace, kai kuma kullum a aske yana sheƙi. Wata rana ina kallonsa yana cin tuwo na ce masa Dankalina. Ya yi fushin yini guda, daga nan ya saba, har ta kai in na ce masa Malam a ɗaka sai ya tambaye ni ko wani laifi ya yi.

To, Balaraba ta gama makarantar koyon jinya, aka ce a fita shan iska a taya ta murna. Ƙarshen damina ne, ko'ina kore shar, dawa ta fi mutum tsawo. Akwai wani lambu ta wajen Bunguɗu, a gindin wani dutse, wanda wani Alhaji ya mai da wurin shaƙatawa. Ya sa kujerun siminti, ya kafa lilo don yara, ya ajiye 'yan agwagi a wani tafki. Can aka zaɓa. Da ƙyar aka shawo kan Inna ta yarda ta bi mu, tana cewa ita me za ta gani a jeji da ba ta gani ba tun tana yarinya. Ta dai shirya cikin sabuwar atamfarta mai ruwan goro, muka cika mota da kuloli da tabarmi.

A bakin ƙofar lambun akwai wani ƙaton allo da aka zana taswirar wurin da fenti. Gaskiya mai zanen ya iya hannu. Ga tafki shuɗi zagayayye kamar faifai, ga dutse, ga bishiyar mangwaro guda ɗaya mai kyau, ga jan layi miƙe yana haɗa wannan da wancan. A gefe guda an zana 'yar buta, alamar wurin kewayawa da alwala. Jan layin da ya tashi daga mangwaro zuwa butar nan bai kai tsawon yatsana ba.

Ina ganin allon nan raina ya ce ga ranarki ta zo. Ni fa ina koyar da yara karatun taswira a aji, har ina sa su zana hanyar gidansu zuwa makaranta ina ba su maki. Na tsaya na gyara mayafi, na ɗaga murya daidai yadda Inna za ta ji, na shiga bayani: nan muke, nan tafki yake, in ka ba dutse baya ka bi jan layi ba ka taɓa ɓata. Na fito da waya na ɗauki hoton allon. Malam ya ce in zo mu tafi rana na yi. Inna ta dubi allon, ta dube ni, ba ta ce uffan ba. (Ni a lokacin na ɗauka shirun burgewa ne.)

Muka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin wani mangwaro, aka ci dafa-duka, aka sha zoɓo da kunun aya. Ni ko loma ban yi ba, ai ba a ci gaban suruka, sai dai zuba wa mutane. Kuma ni ce na dinga cika wa Inna kofi. Ta shanye in ƙara, ta ce ya isa in ce ai na gida ne, da hannuna na haɗa. Don haka duk abin da ya biyo baya, da hannuna na shuka shi tun daga tushe.

Can bayan an natsa sai na ga Inna ta ja Balaraba da ido ta yi mata raɗa. Balaraba tana tsakiyar ɗaukar hoto da ƙawayenta, ta ce to Inna bari in zo, ta ci gaba da karkata kai. Nan take na gane abin da ake ciki. Na yi wuf na ɗauki buta na cika da ruwa, na durƙusa na ce in Inna ta yarda ni sai in raka ta, na san wurin. Malam ya ce ko ya je ya tambayo maigadi. Na yi masa wani kallo, na ce ba sai an wahalar da kowa ba, ga shi a wayata, nan ne kusa. Inna ta miƙe a hankali tana dafa gwiwa, muka kama hanya.

Matsala ta farko, mangwaro. A allo ɗaya ne tak. A ƙasa kuwa duk inda na waiwaya mangwaro ne, kowanne da kujerar siminti a gindinsa. Na ce a raina tunda a ƙarƙashin wannan muka zauna, to shi mai zane yake nufi. (Ku ji hujja, don Allah. Da ɗalibina ne ya kawo mini ita da na zagaye masa sifiri.) Na ba dutse baya kamar yadda na koyar, na bi wata 'yar hanya.

Matsala ta biyu, jan layin nan miƙe yake sambal, amma hanyar ƙasa ba mu yi nisa ba ta rabu biyu. Na dubi waya, babu rabuwa. Na dubi ƙasa, ga ta ƙiri-ƙiri. Da ina da wayo a nan zan tsaya in ce Inna mu koma mu tambaya. Amma yaya zan buɗe baki in ce ban sani ba, ni da na gama wa'azi a bakin ƙofa? Na zaɓi ta dama don ta fi kama da wadda mutane ke bi. Ashe awaki ne ke bin ta.

Muka yi ta tafiya. Ciyawa ta fara kai mana gwiwa, ƙarangiya ta kama bakin atamfar Inna. A allo an zana shinge kewaye da lambun, har da fari da ja, don haka na kwantar da hankalina cewa muddin ba mu ci karo da shinge ba muna ciki. Na tuna dai mun wuce wasu turaku biyu a tsaye, ba waya ba komai a tsakaninsu, ban kawo komai a raina ba. Su ne shingen.

Lokaci-lokaci in waiwayo in ce, "Mun kusa, Inna." Ita kuma ta ce, "To." Ni kunya ta hana ni cewa na ɓata. Ita kunya ta hana ta gaya wa matar ɗanta irin matsuwar da take ciki. Haka muka yi ta kutsawa, kowa na riƙe da nasa sirrin, har na ɗaga kai na ga ba mangwaro, ba kujera, ba dutse. Karan dawa ne gaba da baya, sun rufe mu ruf, ganye na shafar fuska.

Na tsaya na juya wayar sama ta koma ƙasa, ko taswirar za ta canza magana. Gumi na bin bayana. Sai na ji muryar Inna, ƙasa-ƙasa, tana ɗan rawa.

"Ɗiyar ga, ban iya ƙara taki guda."

Na juya na dube ta, na ga fuskarta. Wallahi sai da tausayi da kunya suka kusa kayar da ni. Tsohuwa mai mutunci, wadda ko dariya ba ta yi da ƙarfi, na jawo ta cikin gonar wani na tsayar. Na ajiye mata buta, na warware mayafina na ware shi da hannu biyu iya tsawona, na juya mata baya. Ina tsaye ina kallon zangarniya, ina roƙon Allah kada mai gona ya ɓullo, ina kuma lissafa yadda za a ba da labarina a Tsafe. Na riga na sallama cewa ni da samun shiga wurin Inna sai dai a lahira.

Da ta kimtsa ta ce mu koma. Nan ne fa ido ya raina fata, don ban san ta inda muka shigo ba. Kowane layin dawa kamar ɗan'uwansa. Na danna lambar Malam, babu sabis ko ɗigo, dutsen ya tare. Kun kuma san halin da yankinmu yake ciki, ba wanda zai so a ce mata biyu sun shiga jeji an daina jin ɗuriyarsu, ko da na ɗan lokaci ne. Na san can hankalin kowa ya fara tashi. Ni ma gabana faɗuwa yake, ina dai daurewa.

Allah ya taimake ni na ga wani suri a gefe. Na cire takalmi na hau, ina dafa kara. Da kaina ya fito saman dawa sai ga dutsen, a inda ban taɓa zato ba, ta hagu. A kan gangarensa ga mutane tsaitsaye, maza da mata, ga Malam a gaba ya kare ido da hannu yana duba wani ɓangare daban, can inda ba mu. Ba nisa sosai, amma iska na kaɗawa, ganyen dawa na ta ƙara.

Na ɗaga murya na ce Malam. Mutum biyu suka waiwayo, ba ko ɗaya da na sani. (A ƙasar nan ka ce Malam a taro, ai kowa ka kira.) Suka duba ba su ga komai ba, suka juya. Na sake, iska ta kwashe. Inna daga ƙasa ta gwada nata, "Kai! Kai wanga yaro!", muryar ko karan da ke gabanta ba ta wuce ba. Na kaɗa mayafi, ba wanda ya lura. Sai na ga Malam ya nuna wancan ɓangaren da hannu, mutane sun fara sauka za su bi bayan dutse, su yi nesa da mu gaba ɗaya.

Inna ta ce, "Kira shi da ƙarfi, ɗiyar ga."

Ku tsaya ku duba halin da nake ciki. Sunansa na yanka yana kan harshena, shi ne kaɗai zai sa ya juyo. Amma ga mahaifiyarsa a gindin suri tana kallona, matar da shekara talatin da wani abu ba ta furta sunan nan ba. Ni wace ce da zan kwarara shi a gabanta? Ƙwaƙwalwata ta shiga neman wani abin da ba sunansa ba, wanda kuma zai gane. Kafin in gama tunani bakina ya riga ni. Na cika ƙirji da iska, da irin muryar da nake tsawata wa 'yan aji, na saki:

"Dankalinaaa!"

Dutsen nan bai rufa mini asiri ba, sai da ya maimaita. Kuma abin da ya ƙarasa ni, cikin duk mutanen da ke gangaren, mutum ɗaya ne ya juyo a firgice, nan take, ba ko shakka. Har da ɗaga hannu yana cewa na'am. Kowa ya bi shi da kallo, sannan suka bi inda yake kallo, suka ga kan mace a saman dawa, ɗankwali a karkace.

Na sauko daga surin nan a hankali, ina fatan ya buɗe in shige. Ban iya ɗaga ido ba. Sai Inna ta ce, "Mi kinka ce mishi?"

Na ce ba komai, Inna, da muryar da ni kaina ban ji ba.

Ta maimaita sunan a hankali, kamar mai ɗanɗana miya. Sai na ji wani sauti da ban taɓa ji ba. Na saci kallo, na ga kafaɗunta na rawa, ta toshe baki da gefen mayafi. Ta yi ƙoƙarin dannewa abin ya ƙi. Inna ta zauna daɓas a ƙasa da sabuwar atamfarta, tana dariya har da hawaye, tana cewa aradu ya yi kama, tun yana jinjiri haka kansa yake. Ni ma ban san sanda na durƙushe kusa da ita ba, rabi dariya rabi kuka. Haka Malam ya same mu, yana haki, ya rasa wadda zai fara tambaya.

Da aka fito da mu sai na ga ashe duk wahalar nan kewaye muka yi ta yi, tabarminmu na nan bayan gonar kaɗan. Na wuce kai tsaye wurin maigadi, raina a ɓace, ina neman wanda zan sauke wa. Na nuna masa butar da ke jikin allo na ce ina wannan wurin yake. Ya leƙa, ya sosa ƙeya, ya ce mini ai, Hajiya, ba a gina wurin ba tukuna. Alhaji ne ya ce a zana har da abin da ake niyya, don kada a sake kiran mai fenti. Shinge ma haka, an kafa turaku ana jiran waya. Na ce to mangwaro fa, guda nawa ne a lambun nan? Ya ce shi bai taɓa ƙirgawa ba, mai zane dai ya ce in ya sa su duka allon ba zai ɗauka ba. Wurin kewayawar da ake amfani da shi kuwa, wani ɗan zagayen zana ne a bayan ɗakinsa, muna shigowa muka wuce shi.

A mota ba wanda ya yi magana sai Balaraba, da ta dinga tambayar ko akwai mai sha'awar dankali a abincin dare. Malam ya kafa wa titi ido har Gusau, kunnuwansa kamar za su kama wuta. Ni kuwa ina baya kusa da Inna, kaina a ƙasa. Muna cikin tafiya na ji ta jawo gefen zanena tana cire mini ƙarangiya ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama ta buɗe kular da ke gabanta, ta zuba sauran dafa-duka a murfi ta miƙo mini, ta ce in ci, ta lura tun safe ban sa komai a cikina ba. Ranar na fara cin abinci a gaban surukata, kuma ban taɓa cin shinkafa mai sanyi da ta yi mini daɗi kamar wannan ba.

Maganar mayafi ba ta taɓa fita daga bakin Inna ba, ni ma ban faɗa wa kowa ba sai yau, kuma sai da na nemi izininta. Ta ce in rubuta, ai ta tsufa, amma in tabbatar na sa cewa ni na ɗura mata zoɓon. Ga shi na sa.

Sunan kuwa ya bi gari. Ƙannensa, abokansa, har mai shagon bakin layinmu. Malam ya yi fushi da ni na kwana biyu, ya ce na zubar masa da girma a gaban duniya. Fushin ya ƙare ne ranar da Inna ta kira wayata daga Tsafe. Da ma can shi take kira, ta ce a gaishe da mutanen gida. Wannan karon ni ta kira, muka daɗe muna hira, sannan ta ce, "Ɗiyata, ba ni Dankali."

Na miƙa masa. Ya kara a kunne, na ji ta sake faɗa, ya ce na'am Inna. Sai na ga ya juya mini baya yana goge ido da hannun riga. Da ya ajiye wayar sai ya ce tun da aka haife shi yau ne mahaifiyarsa ta fara kiransa da wani suna ya amsa. Na ji daɗi har cikin raina, ban kuma ɓoye ba.

Har yanzu ina koyar da karatun taswira, sai dai na ƙara wa darasin wani babi da ba ya cikin littafi. Nakan ce wa yara, in kun ga allo mai kyau a bakin lambu, ku yaba wa mai fenti, sannan ku nemi mutum mai baki ku tambaye shi hanya. In kuma kun ɓata, ku faɗa tun dawa ba ta rufe ku ba. Hoton allon yana nan a wayata. Duk sanda Inna ta zo takan sa in buɗe mata, ta ɗora yatsa a kan 'yar butar nan ta ce, "Mun kusa, ko?"